Fuskar da Aka Ɗinke

Shafi na 23

Masu cewa na bar ku a tsaye jiya, ku yi min afuwa, wuta aka ɗauke mana har wayata ta mutu. Ke kuma da kika rubuto min cewa mijin Juwairiya mutumin kirki ne in daina sa masa ido, na ji. Ki gyara zama dai.

*

Juwairiya ba ta bari mai keken ya gama tsayawa ba ta sauko. Ta tsallake kwatar da ke gaban shagon, ta ɗaga labule ta shiga, ko sallama babu.

Warin gam ne ya fara tarbar ta. Hotuna ne jingine da bango ta ko'ina, manya, baƙi da fari, kowanne an ɗinka masa wani abu na mai shi. Wannan bakin zani, wancan wuyan riga, can a lungu hular jariri. Wasu an shafa musu gam an barbaɗa gishirin Keana, ya bushe yana ƙyalli. Duk mutanen da ke cikin hotunan sun rasu. Sana'ar Muhibbat ke nan. Ka kawo mata hoton naka da ya tafi, da wani abu da ya taɓa sawa a jikinsa, ta haɗa maka su wuri ɗaya ka je ka rataye.

Tana zaune a bakin tebur, tabarau a kan hanci, allura a baki. Haihuwar unguwar Sabon Pegi ce duk da iyayenta daga Ilorin suka zo, kuma Hausarta ta cikin kasuwa ce, ba ruwanta da bambance mace da namiji.

Ta zare allurar daga bakinta.

"Sannu da zuwa, Anti. Kamar na san fuskan nan."

"Jiya. Ni ce malamar da ta kai 'yan firamare wajen nunin hotunanki."

"Yawwa. Ke ne kika tsaya gaban hoto ɗaya har yara suka fita suka bar ki."

"Ina yake?"

"Wanne?"

"Kin san wanda nake nufi. Mai fuskar da kika ɗinke."

Muhibbat ta ɗan kalli gefen tebur, ta ɗauke ido da sauri. Juwairiya ta bi inda ta kalla. Wani firam ne a jingine, an naɗe shi da takarda an ɗaure da igiya.

"Wannan mai shi zai zo ya ɗauka yau," in ji Muhibbat. "Na riga na naɗe."

"Kwance shi."

"Anti, abeg..."

"Ki kwance, ko in kwance da kaina."

Ba ta ɗaga murya ba, amma Muhibbat ta ga da gaske take. Ta tashi ta warware igiyar, ta janye takardar.

Ga shi nan kamar yadda ta gan shi jiya. Namiji ne zaune a kan benci, hannuwa a kan gwiwa, bayansa bangon ƙasa. Daga goshi zuwa haɓa babu abin da ake gani sai zare, fari da ruwan toka, an bi an sake bi har fuskar ta ɓace. A ƙirjinsa kuma an ɗinka aljihun riga na gaske, ruwan toka, gefensa ɗaya da gyaran jan zare.

Jiya da ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba. Ta zuba wa Inna tuwo, ta yi wa 'yarta Aminat wanka, ta kwanta kusa da mijinta Ashemi, tana ta gaya wa kanta cewa riguna ruwan toka sun cika duniya. Yanzu da ta sake ganin aljihun a kusa, ta san ƙarya take wa kanta.

Ta sa yatsa a kan jan zaren.

"Wa ya kawo miki rigar nan?"

"Ba na faɗan sunan kwastoma. Mutane suna kawo mini abin da ko 'yan gidansu ba su sani ba. In na fara buɗe baki, wa zai sake yarda da ni?"

"To bari ni in gaya miki abin da ba ki sani ba. Ni na ƙona aljihun nan."

Muhibbat ta cire tabarau.

"Da dutsen guga na gawayi, a gidanmu na Adogi. Rigar yayana ce, Hamma Safiyu. Na ji tsoron faɗansa, na nemi zare ruwan toka na rasa, sai ja na samu a kwandon Inna. Dubi yadda ɗinkin ya karkata. Ni bahaguwa ce. Da ya gani bai yi faɗa ba, dariya ya yi, ya ce yanzu ko a cikin taro aka sace rigar zai gane abarsa."

"Allah sarki."

"Ita ce a jikinsa ranar da ya hau mashin zai tafi Keana. Ba mu sake ganinsa ba. Mashin ɗin aka tsinta a cikin gona. Ba gawa, ba riga, ba takalmi. Lokacin ko aure ban yi ba, yanzu 'yata tana aji biyu. To ki gaya min yadda rigar da ta ɓace da mutum ta zo teburinki."

Muhibbat ta jawo kujera ta zauna a hankali.

"Anti, ina jin ba mutum ɗaya muke magana ba."

"Mutum ɗaya ne."

"A'a. Wannan bara ya rasu. Bayan sallan layya. Haka aka gaya mini."

Juwairiya ta ja da baya. Ta dafa tebur.

"Bara?"

"Bara. Ciwon ƙirji, an ce."

"Ƙarya aka yi miki."

"Zai yiwu. Ni ba na zuwa maƙabarta in duba."

Juwairiya ta durƙusa gaban firam ɗin. Jiya aljihun kaɗai ta kalla, hawaye bai bar ta ta ga sauran ba. Yanzu ta bi hoton a hankali. Ƙaramin yatsan hannun hagu a lanƙwashe yake, inda igiyar bijimi ta taɓa karya masa suna yara. Shi ne, babu ko tantama. Amma hannuwan sun rame, jijiyoyi sun fito. Ƙasa da inda zaren ya tsaya, gemu ya leƙo, kuma da furfura a ciki.

Hamma Safiyu ba shi da gemu ranar da ya tafi.

Sai idonta ya sauka a kan agogon da ke wuyan hannunsa.

Mai kusurwa huɗu ne, da tsaga a gefen gilashin. Ita ta saya wa Ashemi shi ranar sunan Aminat. Tsagar ma ta san ta, Aminat ce ta jefar da shi a siminti lokacin tana rarrafe. Daga baya Ashemi ya dawo gida hannu wayam, ya ce a gareji ya faɗi ana lodin doya. Har haƙuri ta ba shi.

"Anti? Lafiya?"

"Kawo min sauran rigar."

"Wane saura?"

"Aljihu kawai kika yanka. Ina jikin?"

Muhibbat ta jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin tebur ta miƙa mata.

Juwairiya ta warware rigar a kan cinyarta. An wanke ta, an sake wankewa, har ta yi laushi kamar tsumma. A kafaɗar dama akwai doguwar tsaga da ta gangaro har baya, an haɗa ta da wani ɗinki na gaggawa, ba na mace ba. Kewaye da tsagar yadin ya yi duhu, irin duhun da sabulu ba ya fitarwa.

"Sara ne wannan," ta ce.

"Ni ma haka na gani. Ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba."

"Anti, ni allura ne aikina. An ce mini in yanka hannun rigan, wurin da ba alama. Ni na ƙi. Duk kayan da aka kawo mini, wurin da aka gyara nake nema, domin nan ne hannun wani ya taɓa. Na ga jan zaren nan na ce wanda ya yi shi yana son mai rigan. Shi ya sa na yanka aljihu."

"An ce ki kai shi wajen nuni, duk gari su gani?"

Muhibbat ta sunkuyar da kai.

"Ba a ce ba. Na ga fuska a rufe, na ce wa zai gane? Wannan laifina ne."

"To ki biya ni da suna ɗaya."

"Ba zan iya ba."

Juwairiya ta miƙa hannu ta ɗauki almakashin da ke kan tebur. Muhibbat ta yi wuf ta tsaya tsakaninta da hoton.

"In kika yanka zaren nan, fuskan zai yage tare da shi. Allura ya huda ko'ina. Ba abin da za ki gani sai ramuka."

"Wa ya ce ki rufe masa fuska?"

"Mai shi."

"Don me?"

"Ya ce akwai wanda ba a so ya gane shi a gidan da za a rataye."

Juwairiya ta tsaya da almakashi a hannu tana juya maganar. A gidan da za a rataye.

Ta ajiye almakashin, ta zaro wayarta ta kira mijinta. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka.

"Baban Aminat, kana ina?"

"Gareji. Mota biyu muke lodi, za su Onitsha. An tashi makaranta?"

Muryarsa ce ta kullum, mai sanyi. Muryar da ta riƙe ta lokacin da ake neman Hamma Safiyu. Shi ne babban abokinsa, shi ya tsinto mashin ɗin, shi ya riƙa ɗaukar ta a mota daga ofishin 'yan sanda zuwa asibiti, daga Obi zuwa Keana, tana kuka yana ba ta baki. A cikin neman nan suka saba, a cikinsa ya nemi aurenta. Da mahaifin su Juwairiya ya rasu, shi ya ce Inna ta baro Adogi ta dawo gidansu na Bukan Sidi.

Ta kasa kunne. Babu hayaniyar 'yan lodi a bayansa. Abin da take ji kawai ƙarar sigina ce ta mota, ƙyat, ƙyat, ƙyat.

"An tashi," ta ce. "Na tsaya kasuwa ne. Sai ka dawo."

Ta kashe.

Ba ta kai ga mayar da wayar jaka ba ta Muhibbat ta fara ruri a kan tebur. Su biyun suka kalle ta tare. Sunan da ke kai shi ne Mai Riga Ruwan Toka. Lambar da ke ƙasa kuwa, Juwairiya ko daga barci aka tashe ta za ta karanto ta.

"Ɗauki," ta ce. "Ki sa a sifika."

Muhibbat ta ɗauka.

"Madam, ga ni nan a kwanar layinku," in ji Ashemi. "Kin naɗe shi?"

Juwairiya ta gyaɗa mata kai.

"Na... yana nan, Oga."

"Madalla. Ba zan daɗe ba."

Wayar ta mutu. Muhibbat ta haɗa hannuwa biyu.

"Mijinki ne?"

"Uban 'yata."

"Anti, ni ban san komai ba. Kada a yi wahala a shagona, don Allah."

"Ba abin da zan fasa miki. Ki zauna inda kike, ki riƙe allurarki."

Akwai wani labule da ya raba shagon da ƙaramin ɗakin da Muhibbat ke shanya hotuna. Juwairiya ta shige bayansa da rigar a ƙirjinta. Tana jin tsayuwar motar, tana jin rufe ƙofa, tana jin takunsa. Ya yi sallama da fara'a.

"Af, ba ki naɗe ba ashe."

"Yanzu zan naɗe, Oga."

Ta ji ya matso kusa da hoton.

"Madam, ba aljihu aka ce ki sa ba."

"Na sani."

"Wannan ba zai shiga gidana haka ba. Ki cire shi ki sa hannun rigar. Matata na ganin jan zaren nan za ta gane."

"Ta riga ta gane," in ji Juwairiya.

Ta yaye labulen ta fito.

Makullin motar ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya ya ɗauka, kuma ta lura ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ɗaukar makulli ke buƙata. Da ya ɗago, fuskarsa ta koma daidai.

"Juwai. Ba kasuwa kika ce ba?"

"Kai ma gareji ka ce."

"Zo mu je gida mu yi magana."

"A nan za mu yi ta, Ashemi."

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. Ya ji shi, ta ga ya ji.

Ta nuna hoton.

"Agogon wa ye wannan?"

"Agogo irinsa da yawa."

"Da tsagar Aminat a jiki?"

Ya kau da ido daga hoton.

"Wa ya ɗauki hoton?"

"Juwai..."

"Wa ya ɗauka?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Da azumin bara."

"Yana da rai."

"Lokacin yana da rai."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar ɗalibi ne ya ba ta amsa daidai a aji.

"Ranar da ka kai ni ɗakin ajiye gawa, aka riƙa buɗe min fuskokin mutane ina dubawa, ka san inda yake?"

Ya juya makullin a hannunsa.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Ranar da Baba ke barin duniya yana kiran sunansa?"

"Ba yadda kike zato ba ne."

"Yaya nake zato? Gaya min, don ni kaina ban san me nake zato ba. Na ga rigar yayana da sara a kafaɗa. Na ga agogon mijina a hannunsa. Na kwana da kai shekaru ina mafarkinsa, ina farkawa kana shafa min baya kana cewa in bar wa Allah. Me ka yi masa?"

"Ceton ransa na yi."

"Ka cece shi ka ɓoye shi kamar kayan sata?"

"A gona na same shi kwance cikin jini. Waɗanda suka sare shi sun ɗauka ya mutu. Da sun ji yana numfashi da sun dawo, kuma ba shi kaɗai za su nema ba. Kin manta abin da ya sa aka bi shi? Ya ga shanun Baba da aka sace, ya gane tambarinsu a cikin mota, ya ce sai ya tona masu sayarwa. Na ɗauke shi na tsallake da shi kogin Binuwai, wajen wasu mutane da na sani. Can ya warke, can ya zauna."

"Ka bar uwarsa tana ajiye masa kwanon abinci kullum. Tsohuwar da ke zaune a gidanka. Ba ka ji kunyar idonta ba?"

Ashemi ya kalli ƙofa.

"Ba ni na kawo rigar nan ba, Juwai. Direba kawai na yi."

"Direban wa?"

Sai ta ji ƙarar sanda a kan simintin waje. Ƙwas, sannan jan ƙafa. Ta san takun nan, kullum da asuba shi ke tashin ta.

Labulen ƙofa ya ɗaga. Inna Yelwa ta shigo, mayafinta fari, tana dogara sanda. Matar da ko gidan maƙwabta ba ta shiga, wadda in ba asibiti Ashemi zai kai ta duba gwiwa ba, ba ta taka bakin titi.

"Na ji shiru ne na ce bari in..."

Ta ga Juwairiya. Ta ga rigar a hannunta. Ba ta firgita ba, sai dai ta lumshe ido ta buɗe.

Muhibbat ta tura mata kujera. Ba ta zauna ba, ta kama hannun Ashemi ta jingina da shi.

"Inna," in ji Juwairiya. Muryar ta fito siririya kamar ta yarinya. "Asibitin gwiwa?"

"Wani lokaci asibiti ne."

"Sauran lokutan fa?"

"Wajensa."

"Zazzaɓin da kika yi bara bayan layya, kika ƙi cin abinci, kika ƙi a kira likita."

"Ɗana na binne, ɓingel am, 'yata. Ban da inda zan yi kukansa sai a cikin bargo."

"Kwanon da kike ajiye masa fa? Ni nake wanke shi kullum, Inna. Ina wankewa ina tausayinki."

"Da na daina ajiyewa, da kin tambaya."

Juwairiya ta zauna a kan kujerar da aka tura wa Inna.

Inna ta juya ta kalli hoton. Wannan ne karon farko da ta gan shi a kammale. Ta daɗe tana kallo, ta miƙa hannu ta shafa zaren da ya rufe fuskar, daga goshi zuwa haɓa, kamar yadda take shafa kan Aminat.

"Kabarinsa na da nisa, ƙafata ta ƙare," ta ce. "Na ce a yi min abin da zan rataye a ɗakina in riƙa gaishe shi da safe, ke kuma ki ɗauka ado ne. Rigar nan ƙarƙashin matashinsa na ɗauko ta. Bai taɓa yarda a yi tsumma da ita ba. Ya ce ɗinkin Juwai ne a jiki."

Hawayen da Juwairiya ke riƙewa tun jiya suka zubo. Ba ta share ba.

"Yana tambaya ta?"

"Kullum. Hoton Aminat yana cikin hularsa."

"To me ya sa? Kin sani, Baban Aminat ya sani. Ni ce bare?"

Ashemi ya gyara murya.

"Inna, mu tafi gida. Nan shagon mutane ne."

"Bari ta ji," in ji Inna. "Na gaji."

Ta dubi 'yarta.

"Shi ya ce kada a gaya miki."

"Hamma Safiyu?"

"Shi. Ya sa na rantse."

"Me na yi masa?"

"Bai ce kin yi da gangan ba. Har ya koma ga Allah bai ce haka ba. Amma ranar nan ba babban titin Obi ya bi ba. Ya san ana fakonsa, sai ya yanke ta cikin gonaki, hanyar da bai taɓa bi ba. Ni ban sani ba, Babanku bai sani ba. Ke kaɗai ya gaya wa, kina zuba masa fura a gora. Kuma a kan hanyar nan suka jira shi."

"Inna, lokaci na tafiya," in ji Ashemi. "Aminat na gida ita kaɗai."

Inna ba ta kula shi ba.

"Ya ce bakinki ya suɓuce wa wani, wanin kuma ya kai musu. Ya ce in kika san inda yake, zai sake suɓucewa. Shekarun nan duk ina son in tambaye ki, rantsuwa ta ɗaure ni. Yanzu wanda ya rantsar da ni ya tafi." Ta matso da sandarta. "Wa kika gaya wa, Juwairiya?"

"Ban gaya wa kowa..."

Ta tsaya.

Safiyar ta dawo mata gaba ɗaya. Ƙurar mashin ɗin Hamma Safiyu ba ta gama kwanciya ba, tana shara a ƙofar gida, aka yi sallama. Mai sallamar ya ce saƙo zai ba shi na gaggawa, ta ina zai tare shi? Ta ce Hamma ya hana a faɗa. Ya yi dariya ya ce shi ma ɗin? Ita ma ta yi dariya, ta jingina tsintsiya, ta nuna masa da hannu inda hanyar ta ratsa bayan gonar rogo.

Ba ta taɓa lissafa shi cikin mutane ba. Ai ɗan gida ne.

"Mutum ɗaya na gaya wa," ta ce.

"Wa?"

Juwairiya ta ɗago kai ta kalli mijinta.

Inna ta bi idonta. Ta kalli Ashemi, ta kalli hannunta da ke riƙe da nasa. A hankali ta zare shi.

"Ashemi," ta ce. "Cewa ka yi mana kiciɓis ka yi da shi. Ka ce gonar wani ka je duba doya."

Ya kalli Inna, ya kalli Juwairiya, ya kalli Muhibbat da ke lallaɓa hannu wajen wayarta.

"Madam, ajiye wayar nan," ya ce, da muryar nan tasa mai sanyi.

Ya juya, ya jawo ƙofar ƙarfen shagon, ya danna sakata.